Kabarin Baba da Madatsar Ruwan Yaya Tatsuji

Kamiori,
Farkon damina, 1958.

Zuwa ga Yaya Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa, da kewa da girmamawa, daga ƙanwarki Tokie. Ina fatan wannan takarda za ta ƙetare teku ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Yaya Hikoichi da yara da jikoki baki ɗaya. Kowace safiya idan na ajiye wa kakanni shinkafa da ruwa na kunna turare, sai na ambaci sunanki, ina roƙa muku lafiya da amfani mai yawa a gonar gahawa, ina kuma roƙa miki sauƙin gwiwar nan da kika ce tana hana ki hawan tudu. Mu nan lafiya muke. Inna tana nan yadda kika san ta, kunne ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi, amma baki bai gaji ba. Maigidana Isoji yana wurin aiki kullum. An gama dashen shinkafa, sai dai rabin gonakin ƙauye babu wanda ya taɓa su bana, ciyawa ce kawai ke ta murna.

Wasiƙarki ta iso tare da hoton da kika yanko daga jaridar mutanenmu ta Sao Paulo. Kin ce kin yi kuka har maƙwabta suka shigo, don kin ga ƙaninki Tatsuji, ɗan majalisar ƙasa guda, durƙushe a cikin rami da laka har gwiwa yana tonon kabarin Baba da hannunsa. Kin ce in ba ki labarin tun daga tushe. Yaya, tun ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. In zauna, in tashi in buɗe tukunyar da na san babu komai a ciki, in dawo, sai nakiyar masu fasa dutse ta tashi a can ƙasan kwari, kwanuka su yi ta rawa a kan kanta, abin da na shirya rubutawa ya watse. Yau dai ruwan sama ya tsare ni a ɗaki, na ce ko ta yaya sai na gama.

Lokacin da kika shiga jirgi kika tafi, Yaya Tatsuji yana ɗaukar duwatsu a aikin hanya, kin tuna, da tsumma ɗaure a goshi, mutane suna kiransa ɗan mai gawayi. Bai daɗe a lebura ba. Ya zama shugaban leburori, daga nan ya fara karɓar ƙananan kwangiloli, kwalbati nan, katangar makaranta can, har ya buɗe kamfaninsa a birni. Lokacin yaƙi ya yi wa soja aiki, kamar kowane mai siminti a lokacin, ba ya kuma son a tayar da maganar. Da birni ya ƙone, shi ne ya bi toka yana tsintar langa-langa da katakon da wuta ta rage, ya kafa wa mutane rumfuna kafin sanyi ya shigo. Na gan shi da idona yana cin abinci a tsaye, yana ba da umarni da baki cike. Yaya Tatsuji bai taɓa iya zama ba. Ko gidan Inna ya zo, ƙafarsa tana ta kaɗawa a kan tabarma kamar ana jiransa a waje, kuma kusan kullum ana jiran nasa.

Shi ya gina mana gada. Ke kin san irin wahalar tsallake kogin nan a kwalekwalen igiya, kin san matan da suka haihu a bakin ruwa don an kasa kai su asibiti. Ranar da aka buɗe gadar, maza suka ɗaga shi a kafaɗa tun daga bakin kogi har haikali. A wurin ne Sakuji, abokinsa na ƙuruciya wanda yanzu shi ne mai gari, ya ce mutumin da ya iya wannan ai Tokyo ya kamata a tura shi. Da wasa aka fara. Ya tsaya takarar majalisar jiha ya ci, bayan 'yan shekaru ya nemi ta ƙasa ya ci. Ƙauyen nan ko mutum ɗaya bai ba wani ƙuri'a ba. Ya mai da kamfani sunan surukinsa kamar yadda ake yi, amma kowa ya san wayar wa ake jira kafin a motsa ko da shebur ɗaya.

Sai kuma ambaliyar nan da na rubuto miki a taƙaice, don a lokacin ban iya faɗaɗawa ba. Guguwar kaka ta zo, kogi ya fasa katanga ya shiga unguwannin ƙasa na birni. 'Yarsa Sumie tana can da jaririnta. Shi da leburorinsa ne suka yi ta zaƙulo mutane daga laka, kuma shi ya gano ta, da yaron goye a bayanta. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Bayan an gama makoki ya koma Tokyo, ya shiga bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya da taswira a hammata, har ma'aikata suka riƙa ɓuya idan sun ji tarinsa. Abin da ya dawo da shi shi ne madatsar ruwa. Kuma da injiniyoyi suka auna kwari duka, wurin da suka ce ya fi dacewa shi ne matsatsin da ke ƙasa da ƙauyenmu. Ruwa zai hau ya rufe gidaje da gonaki da makaranta da maƙabarta, har kan itacen kanyar da ke bayan gidanmu.

Da kansa ya zo ya faɗa, wannan kam ba zan ɗauke masa ba. An taru a makaranta, manya a kan kujerun yara, gwiwa har ƙirji. Ya yi ta bayani a kan wutar lantarki da diyya da sababbin gidaje a kan tudu. Babu wanda ya katse shi. Da ya gama sai Sakuji ya miƙe, bai ce masa mai girma ba, bai ce ɗan majalisa ba. Ya ce, "Tatsu, da ka gina mana gada mun zaci ta zuwa kasuwa ce. Ashe ta ficewa ka gina mana." Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Tsohuwa Ume, wadda ta karɓi haihuwarsa, ta ɗora da cewa, "Ita wutar da kake ta yabo, ɗan mai gawayi, kifaye za ta haska wa ko wa?" Ya tsaya ya bari aka gama, sannan ya fara kiran sunayen waɗanda ruwa ya ci a birni, unguwa-unguwa, da ka, ba ya duban takarda. Bai kira sunan Sumie ba, amma kowa ya ji inda ya tsallake shi. Duk da haka babu wanda ya raka shi mota.

Daga ranar muka zama baƙi a garinmu. Kamfanin Yaya Tatsuji ya samu kaso a aikin madatsar, Isoji kuwa shi ne shugaban leburori a can, to kin ga inda nake tsaye. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin suka yi. Matan da muka yi dashe tare tun muna 'yan mata sai su rusuna mini a hanya har ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa matar baƙon gwamnati, in na isa wurin wanki hira ta mutu. Wani ya ɗauki guduma ya goge sunan Yaya Tatsuji daga dutsen da ke bakin gada. Mutanen gari suka yi rantsuwa a haikali cewa babu wanda zai sa hannu a takardar yarda da tashi, babu wanda zai taɓa kabarin iyayensa, ruwa ya zo ya same su. Haka aka ci sanyin bara gaba ɗaya, ma'aikatan gwamnati suna zuwa da kwalin alewa suna komawa da shi.

Da ƙanƙara ta narke, zaɓe kuma ya ƙarato, sai ga Yaya Tatsuji a gidan Inna da baƙar mota da sakatarensa Mizobe, wani siririn mutum mai murmushin da ba ya gushewa. Inna ta sa aka bar Mizobe a waje. Ta zuba wa Yaya shinkafa da sha'ir da ganye mai gishiri, abin da muka tashi da shi, ta hana shi magana sai da ya cinye. Sannan ya fara. Ya ce ya ware mata gida mafi kyau a kan tudu, ga famfo, ga wuta, ga rana tana shiga ɗaki. Ya ce maganar kabarin Baba kada ta dame ta, yana da mutane masu ladabi da za su yi aikin cikin rabin yini, kuma zai sa a sassaƙa dutse mai kyau. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, har na fara maimaita mata a kunne, ta ture ni. Ta ce, "Na ji. Ubanka bai taɓa ɗaukar lebura ba a rayuwarsa, ba kuma lebura ne zai tashe shi ba. Kai ka ce ya tashi, to kai za ka je ka faɗa masa. Da hannunka." Ya ce Inna, shekaruna sun kusa sittin, ga likita ya hana ni. Ta ce ita ma likita ya hana ta baƙin ciki, ga shi tana yi.

Ban zaci zai dawo ba. Ya dawo da sassafe bayan 'yan kwanaki, ya tuɓe kwat ya rataya a reshe, ya ari takalmin aikin Isoji. Malamin haikali ya yi karatu ya koma gefe. Inna tana zaune a kan tabarma da bargo a cinya. Ta hana Isoji taɓa ko da dutse ɗaya. Yaya, kin san ƙasar maƙabartar nan, saiwa ce da tsakuwa, ga shi a zaune aka binne Baba a cikin gangar katako kamar yadda muke yi, ramin da zurfi. Kafin hantsi tafin hannunsa ya ɗuri ruwa ya fashe, ƙotar diga ta yi ja. Mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya suna tsayawa a kan gaɓar gonar sama, har Ume ta ce a bar shi, yau dai ya tuna ɗan wane ne shi. Wajen tsakar rana ya zauna a bakin ramin yana haki, fuskarsa ta yi fari, na ɗauka faɗuwa zai yi. Sai na ga Sakuji yana gangarowa da shebur a kafaɗa. Na ce a raina yau za a shirya. Bai shiga ramin ba. Ya jefa masa shebur ɗin ya ce, "Naka ba ya ci. In ka gama ka dawo mini da shi, ina da nawa mutanen da zan tono." Ya juya ya hau abinsa.

La'asar ta yi kafin ya isa. Gangar ta riga ta zama ƙasa. Ya ajiye shebur ya durƙusa yana tona da yatsu, abin da ya fara fitowa lofen Baba ne, ɗan bakin tagullan nan da yake ƙwanƙwasawa a murhu. Ya riƙe shi ya daɗe. Na ji shi yana cewa a hankali, "Baba, Tatsu ne. Ka yi haƙuri, tashi za mu yi." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ni ban taɓa ganin kukansa ba, ko muna yara. Yana miƙo ƙasusuwan ɗaya-ɗaya, ina karɓa, Inna tana wankewa da ruwa da giyar shinkafa tana jerawa a tulu, tana yi musu magana kamar mai yi wa maras lafiya wanka. A lokacin ne na ɗaga kai na hango wani saurayi da hular birni a bayan itatuwa, da abin ɗaukar hoto a ido. Mizobe yana can jikin mota yana kallon sama.

Wannan shi ne hoton da kika gani. Bayan kwana biyu yana shafin farko na jaridar jiha, daga nan ya tafi Tokyo, ga shi har ya iso gare ki. A birni mata suka yi ta kuka a kansa kamar yadda kika yi. A nan kuwa, washegari Sakuji ya tono iyayensa, kafin mako ya zagayo maƙabarta ta cika da masu diga, kuma wanda ya riga ya tashi matattunsa me ya rage masa? Aka fara sa hannu gida-gida. Abin da ma'aikatan gwamnati suka kasa a tsawon sanyi, yini ɗaya a cikin rami ya yi shi. Wannan ne ya hana ni sukuni, Yaya. Ina wanke-wanke abin yana juya mini. Inna ce ta faɗi sharaɗin, ba shi ya ƙirƙira ba, ina wurin. Jinin gaskiya ne, ni na ɗaure masa hannun. Kukan ma ban yarda a ce na ƙarya ba ne. Amma wa ya gaya wa ɗan jarida rana da wuri, a ƙauyen da motar haya ke zuwa sau ɗaya a yini? Isoji ya ce Mizobe ne ya yi gaban kansa. Wasu sun ce Mizobe ko atishawa ba ya yi sai da izini.

Na kasa haƙuri na tambayi Yaya Tatsuji. Na je birni taya sauran mata dunƙula shinkafa don masu yawon kamfe, na same shi a bayan ofis yana kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri, murya ta dishe. Na ce Yaya, mai hoton nan kai ka kira shi? Ya tofar da ruwan ya dube ni. Ya ce, "In na ce ba ni ba ne, za ki yarda?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To kin gani." Ya buɗe mini tafukansa, duk ɓawon ciwo, ya ce madatsar nan za a gina ta ko shi yana nan ko ba ya nan, amma in ba ya nan babu wanda zai tsaya a Tokyo ya yi faɗa don mutanen Kamiori su sami gona a kan tudu. Wataƙila gaskiya ne. Komai ya faɗa yana iya zama gaskiya, abin da ke gajiyar da ni ke nan. Aka kira shi daga waje, ya zura fararen safar hannun nan da 'yan takara ke sawa, ya hau bayan mota, lasifika ta fara kiran sunansa, ya tafi yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya ci zaɓe da ƙuri'un da bai taɓa samu ba, kusan duka daga birni. A ƙauye ko kashi ɗaya cikin goma bai samu ba. Ranar zaɓen Inna ta tashi ta ce a ɗauko mata rigarta ta fita. Na ce Inna ki huta, ba dole ba ne. Ta ce ta tsufa kafin a ba mata izinin yin abin nan, ba za ta bar shi ba. Isoji ya goya ta har makaranta, mutane suna darewa suna kallonta. Kin san a nan sunan ɗan takara ake rubutawa da hannu, kin kuma san Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Ta daɗe a bayan labule har mai kula da akwati ya fara leƙe. A hanyar dawowa na kasa riƙe bakina, na ce Inna, bayan duk abin da ya faru, wa kika rubuta? Tana kwance a bayan Isoji, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Sunan mutum ɗaya kaɗai na iya rubutawa, na yayanki, ke ma kin sani." Na ce to ai da kin bar takardar fara. Ta ce, "In bar ta fara, wahalar da na sha na koya fa?"

Yanzu ga abin da ya sa dole ki amsa mini. Tulun Baba yana nan a ɗaki kusa da shimfiɗar Inna, ba a kai shi sabuwar maƙabarta ba. Ta ce ke ce babba, ba ki ga gawarsa ba, ba ki zuba masa ƙasa ba, don haka ba za a sake rufe shi ba sai an ji daga bakinki ko kina son a ɗebar miki kaɗan a aiko miki, ki binne a inda za a binne ki. Ta kuma gaya wa Yaya Tatsuji cewa ita da tulun tare za su tashi, kuma ba za ta motsa ba sai amsarki ta zo. Ya ce zai buga miki waya ta ofishin jakada, gobe-gobe a sami amsa. Ta ce a'a, da rubutun hannunki take so, kuma ta jirgin ruwa. Ya fita yana zagaya mota. Gidaje suna ta raguwa, jiya ma an kwance rufin su Ume, katangar madatsa kuma kullum tana ƙara tsawo, daga bayan gida ana hango ta. An ce baɗi war haka za a toshe kogi. Ina tsoron sanyi ya same mu mu kaɗai a kwarin nan da tsohuwa, ba maƙwabci ba likita. Amma kuma kullum da safe sai ta sa na buɗe mata ƙofar baya ta zauna tana kallon dutsen da Baba yake ƙona gawayi, tana cin abinci fiye da da. Don haka ki rubuto, Yaya. Sai dai ban san abin da zan roƙe ki ba, ki yi sauri ko ki ɗan jinkirta. Ke ce babba, ki zaɓar mana.

Ki gaishe mini da Yaya Hikoichi da kyau, ki ce ina yi masa sannu da aiki. Ki gaishe da Masaru da matarsa, da Yaeko da mijinta, da jikokin da na sani a hoto kawai, musamman mai sunan Inna. Isoji yana gaisuwa. Inna ta ce in gaya miki ki riƙa ɗaure gwiwar da tsumma mai ɗumi, kuma ki daina kuka a kan jarida.

Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Tokie.